Tulun Aglaia a Cikin Yashi

Ƙauyen Mama, hayin kogin Prut
Ranar Asabar

Yaya Aglaia,

Da safiyar yau na ga gashinki na jarirai. Kar ki ce na sha wani abu. Na sha, amma jiya ne. Yau idona biyu Kawu Toader ya durƙusa a ƙuryar ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ya dinga share yashi da tafin hannu kamar mai laluben ƙwai, sai ga wuyan tulun gilashi ya leƙo. An toshe bakinsa da kakin zuma, a cikin kakin kuma ga 'yar tufkar gashi ja-ja, ba ta kai tsawon yatsana ba. Ya ce, "Ga yayarka nan."

Na fara da wannan ne don na san kina ganin sunan ƙauyen a sama za ki so yaga takardar. To yanzu gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, da tsohuwar da kike jinya, da angonmu Ottavio. Baba na baro shi lafiya lau, gwiwar ce kawai, ita ma sai in hadari ya taso.

Na ji kin ce kar kowa ya wahalar da kansa, auren ofis ne, a sa hannu a ci abinci a watse. Amma Yaya, tun ina ƙarami Mama take faɗin akwai tulun giyar inabi a ƙauyensu da ke jiran ranar aurenki, wanda Kawu ya binne ranar da aka yi miki askin fari, tunda mahaifinki bai rayu ya gan ki ba. In na ɗauko zancen a waya sai ki kashe. Takarda ba a kashe ta.

Mu uku muka taho, da yake an rufe injin katakon da muke aiki ana gyara har ƙarshen wata. Ni, da abokina Mitu da tsohuwar motarsa, da abokin aikinmu Fane, wanda ba wanda ya gayyace shi. Ya ji an ce ƙasar inabi, da asuba sai muka tarar da shi zaune a kan jakarsa a ƙofar gidan Mitu.

Kai, Yaya, hanya! Muka gangaro daga duwatsunmu, dajin ya yi ta raguwa har ya ƙare, sama ta buɗe kamar an yaye rufi. A gadar Prut, wurin iyakar ƙasa, ma'aikacin shige da fice ya dubi hoton Fane na da a fasfo, ya dubi sanƙonsa, ya ce, "Ina sauran gashin?" Fane ya ce, "Yallaɓai, matata ta riƙe shi jingina sai na dawo." Mutumin ya buga hatimi yana dariya.

Muna ƙetarewa titi ya zama ramuka, Mitu yana ba motarsa haƙuri kamar mai lallashin amarya. Amma wa ya damu? Tudu bayan tudu, duk an jera inabi layi-layi kamar an taje kai, iska kuma tana ƙamshin ruwan inabin da ya fara tsami. Mu da muka saba ganin inabi a kwali a shago! Fane ya buga ƙofa ya ce a tsaya, ya dira ya kama tsinka a bakin hanya. Sai ga wata tsohuwa da sanda tana ihu. Muka ce shi ke nan, mun zama ɓarayi a ƙasar mutane. Ashe faɗanta daban ne. Ta ce, "Wane jahili ne ke cin wannan? Na matsewa ne! 'Yan dutse ne ku, ko?" Ta ja mu bayan gidanta ta cika mana bokiti da na ci, baƙaƙe manya, ta ƙi karɓar ko sisi.

Da yamma muka iso. Kawu na tsaye a ƙofa, gajere, kafaɗa kamar ganga. Ya daɗe yana kallona, can ya ce, "Kunnuwan ƙanwata Veta ne. Shigo." Bai bar mu mun wanke fuska ba, ya yi da mu ɗakin ƙasa. Kin san yadda suke yi, ni ne ban sani ba: kofi ɗaya tak, mai gida ya fara sha, ya cika ya miƙa wa na kusa, har ya zagayo. Da ya zo kan Mitu ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ni direba ne." Kawu ya ce, "Ina makullin?" Mitu ya nuna masa. Kawu ya karɓa ya jefa a aljihun rigarsa ya maɓalle. "Yanzu kai ba direba ba ne. Sha." Fane ya yi dariya har ya ƙware. Inna Profira, matar Kawu, ta sauko mana da tuwon masara da cukun tumaki da gasasshen barkono, tana ta shafa kaina tana tambayar ko har yanzu kina cije leɓe in kin yi fushi. Na ce har jini yake fita.

To da safen nan da ya nuna mini tulun, na yi ƙarfin hali na ce, "Kawu, aurenta ƙarshen watan gobe ne. Shi na zo ɗauka." Ya mayar da yashin a hankali ya lallaɓe, ya miƙe ya ce, "Wannan tulun ba zai fita gidan nan a hannunka ba." Na buɗe baki, ya ce, "Inabi ya nuna, ba ni da hannaye. Ku ɗauki wuƙaƙe." Makullin kuma har yanzu yana aljihunsa.

Dole in tsaya nan. Vitalie mai bas ɗin da ke kai saƙo Italiya yana ta hon a bakin rijiya, shi zai kawo miki wannan. Wayata ta daina aiki tun a gada, in za ki amsa ki ba shi.

Ƙaninki,
Sandu

*

Padova
Ranar Talata

Sandu,

Na samu takardarka. Ina lafiya, tsohuwa ma ta ji sauƙi, Ottavio yana gaishe ka. Ka ga na yi gaisuwa, kar ka ce ban yi ba.

Wa ya aike ka? Ka faɗa mini wa ya aike ka! Na zauna a benci a tashar bas na karanta, har wata mata ta dubi fuskata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ka je ƙofar mutumin nan ka roƙe shi da sunana, ya dubi idonka ya ce ba zai bayar ba, ya ƙwace makullin motarku, ya sa ku aikin gona kyauta, kai kuma kana rubuto mini labarin tuwon masara kamar wanda ya je yawon sallah!

Kai yaro ne lokacin, bari in tuna maka. Mutumin nan shi ya riƙe ni har na shekara goma sha biyu, kafin Mama ta auri Baba ta ƙetare da ni. A kafaɗarsa na koyi sunayen tsuntsaye. Ranar da muka binne Mama, shekara shida ke nan, ni ce na hana a rufe akwatin. Na ce a jira, ɗan'uwanta na hanya. Firist, limamin cocin, ya jira, mutane suka tsaya cikin dusar ƙanƙara har ƙafafu suka mutu, ina ta kallon hanya. Bai zo ba. Bai kira ba. Bayan mako biyu wani maƙwabcinsa ya bugo ya ce wai Toader na yi mana ta'aziyya. Wai!

Ba na son tulunsa. Ya sha abinsa, ko ya wanke ƙafa da shi. Shekarata talatin da shida, na wanke tsofaffin mutane da hannun nan har na tara abin da na tara, ba sai da giyar kowa zan yi aure ba. Ka karɓi makullin ka koma wurin Baba. In ya hana, ka bar masa motar ku hau bas, ni zan biya Mitu.

Gashin da ka ce ja-ja ne, gaskiya ne. Sai da na shiga makaranta ya yi duhu. Ban san ya ajiye ba.

Ka sa hula a gonar, ka san yadda wuyanka ke ƙonewa.

Aglaia

*

Ƙauyen Mama
Ranar Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai zanzaro ya harbi Fane a leɓe, kwana biyu muka huta da surutu. Na sa hular.

Takardarki ta zo jiya. Na karanta sau biyu a bayan randa, na ga laifina ne, na rubuta cikin sauri na bar ki da rabin zance. Ni ma rabin nake da shi lokacin. Ki yi haƙuri ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki ciji leɓe.

Aikin dai ba a tilasta mu ba. Yaya, ban taɓa jin daɗin aiki haka ba! Gari duk ya fito, yau gonar wannan gobe ta wancan, amalanken doki na jigilar kwanduna, hannuwanmu sun yi baƙi har gwiwar hannu. Mitu da ya ce shi direba ne, yanzu shi ke juya injin matsa yana waƙa. 'Yan matan layinmu sun sa mana suna "masu saran itace", wai muna kama inabi kamar za mu kayar da bishiya.

Ban sake yi wa Kawu zancen tulu ba. Na ga irin mutanen da in ka tura su suke ƙara kafewa, na san wata haka a gidanmu. Sai na zuba ido. Ga abin da na gani.

Ran Litinin Inna Profira ta shanya baƙar kwat a igiya, tana warin maganin asu. Ba biki a garin, ba rasuwa. Ran Talata na fito fitsari da sassafe na ga Kawu yana zagaya tsakar gida da sababbin takalma masu ƙara, yana ɗingishi yana zagin mai shago. Da ya gan ni ya shige bayan rumbu. Ran Laraba ya jiƙa tsumagiyar kogi a kwatarniya, da yamma ya zauna yana saƙa kwando mai kunne biyu. Na auna da ido: faɗin tulunki ne daidai. Ran Alhamis ya kira Mitu gefe yana tambayarsa ko kujerar gaba tana girgiza sosai, kuma ko mutum zai iya riƙe kaya a cinya har Italiya.

Sai na tuna maganarsa. Bai ce tulun ba zai fita ba. Cewa ya yi ba a hannuna ba.

Na samu Inna tana yanka kabeji na ce, "Inna, kwat ɗin nan ta wace tafiya ce?" Ta ajiye wuƙa ta ce, "Kai ɗan Veta, idonka ya yi yawa." Daga nan ta faɗa mini. A nan wanda ya binne tulu shi ke tone shi, shi ke ɗaukarsa ya ajiye a gaban amarya, ita ta fasa kakin. Ba a aikawa da shi kamar buhun wake. In an ba wani ya kai, an nuna yarinyar ba ta da kowa ke nan.

Na ce to me ya hana shi faɗa? Ta ce, "Ba a gayyace shi ba. Kai ka zo ɗaukar tulu, ba ka zo ɗaukarsa ba."

Zancen jana'iza kuma ita ta ɗauko, ba ni ba. Ta ce a wancan lokacin mutanensu ba sa ƙetarewa sai da biza, samunta kuma sai an yi makonni. Ya sani, amma ya hau bas cikin sanyi ya tafi gada da kwat ɗin nan. Ya roƙa, aka ce doka ce. Ya wuni tsaye a bakin kogi yana kallon hayinmu, ya tsiyaya wa Mama giya a ƙasa, ya dawo da zazzaɓin da ya kwantar da shi. Na ce me ya sa bai kira ki ba? Ta ce, "Ya ce me? Ya ce 'yata, na kasa? Toader ya gwammace a tsane shi da a ji tausayinsa. Jaki ne, shekara arba'in ina gaya masa." Ta ce ana buɗe hanya shi ne na farko a garin da ya je ya yi fasfo, kuma bai taɓa zuwa ko'ina da shi ba.

Ban ce ya yi daidai ba, Yaya. Ke kika tsaya a dusar ƙanƙara, ba ni ba. Ban kuma gayyace shi ba, ba aurena ba ne. Za a gama tsinkar inabi ranar Alhamis mai zuwa, ya ce ran nan zai ba Mitu makulli. In kin ce mu dawo mu uku, mu uku za mu dawo.

Fane ya ce in tambaye ki, in aka fasa aka tarar ya zama ruwan tsami fa? Kawu ya ji shi ya ce, "Ko ruwan tsami ne, nata ne. Kai dai ba za ka ɗanɗana ba."

Sandu

*

Padova
Ranar Talata

Sandu,

Lafiya lau. Ban yi barci ba, amma lafiya lau.

Inna Profira ta iya labari, tun ina yarinya. Ban ce ƙarya take yi ba. Amma ni na taɓa tsayawa ina kallon hanya saboda mutumin nan, ba zan sake ba. Ba zan gaya wa Ottavio ya ƙara kujera ba, ba zan je wurin firist ɗinmu na nan ba, sai na ji ya ƙetare kogin da ƙafarsa.

Ka gaya masa haka: in ya ƙetare, auren zai koma coci, kuma shi zai riƙe hannuna zuwa ƙofa. In ya tsaya a gada ya juya, kowane irin dalili ne, ku bar shi da tulunsa, kar wanda ya sake kiran sunansa a gabana.

Ka ce masa ya shafa wa takalman mai a dunduniya, za su yi laushi.

Aglaia

*

Wani ɗan gidan abinci, bayan gada
Asabar da hantsi

Yaya!

Lafiya, lafiya, kowa lafiya, ki bar gaisuwa sai mun zo! Ina rubutu a kan murfin mota, ki yi haƙuri da hannun.

Na karanta masa saƙonki jiya a gaban Inna. Da na zo kan takalma ya fita waje ya daɗe. Yau da sassafe ya tone tulun, ya sa shi a kwandon, ya naɗe da tsohuwar rigarsa ta fatar tunkiya, ya zauna a gaba da shi a cinya kamar mai jego. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce wa Mitu, "A hankali, ɗan katako, ba gungume ka ɗauko ba!" Fane kuwa an tura shi baya cikin kabeji da gyaɗar bishiya da Inna ta loda mana.

Hayinsu muka wuce lafiya. A hayinmu ne aka tsayar da mu. Ma'aikaciyar kwastan, wata doguwa mai tabarau, ta leƙo ta ce mene ne a cinya. Kawu ya ce giya. Ta ce babu takarda a jiki, ba ta san abin da ke ciki ba, sai an buɗe ta duba. Aikinta take yi, ba ta yi mana tsawa ba. Kawu ya ce, "Ba a buɗewa." Ta ce to ba ya wucewa, sai dai a bar shi ko a koma da shi. Motoci suka fara hon a bayanmu. Fane ya soma wani dogon bayani, na taka masa ƙafa.

Kawu ya buɗe ƙofa ya fito da tulun a rungume. Ya juya ya kalli gadar da muka baro, Yaya, na ce a raina shi ke nan, zai koma. Na tuna takardarki. Sai ya taka da takalman nan masu ƙara har gaban matar, ya yaye fatar tunkiyar, ya nuna mata kakin da gashin.

Ta sunkuya ta duba. Ta ce, "Na wa ne?"

Ya ce, "Na 'yata. Aure za ta yi. Na taɓa tsayawa a wancan bakin na kasa zuwa mata. Yau in kin hana tulun, ni da shi za mu zauna a nan har ranar auren, amma baya dai ba zan koma ba."

Matar ta cire tabarau ta goge. Ta kira babbansu, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya zo ya haska gilashin da tocila, ya jijjiga kaɗan har Kawu ya yi ƙara kamar shi aka taɓa. Ya ƙirga mu, ya ce mu huɗu ne, giyar ba ta wuce abin da doka ta yarda mu shigo da shi ba, mu tafi. Da za mu shiga mota matar ta ce wa Kawu a hankali, "Nawa yana ɗakin ƙasan babana. Har yanzu ban ba shi dalilin tonowa ba." Fane ya leƙo ta taga ya ce, "Ranki ya daɗe, ga Sandu nan, ba shi da mata!" Na so ƙasa ta tsage.

Yanzu haka Kawu na zaune a ciki yana shan miya da hannu ɗaya, ɗayan na kan tulun. Ya riga ya ce burodin hayinmu bai kai nasu ba. Za mu biya gida mu ɗauki Baba, mu huta, sai mu kamo hanyarki. Ki je wurin firist. Ki ce wa Ottavio kujera biyar, don Fane ya ce ko ba a gayyace shi ba ya saba.

Na san halinki, za ki ce Sandu ya ƙara gishiri. To ba ni kaɗai na ji ya ce "'yata" ba, ba ni kaɗai na ga ya ƙetare da ƙafarsa ba. Mitu na wurin, Fane na wurin, da ma'aikaciya mai tabarau. Motar da ta fi kowa damunmu da hon a baya kuma bas ɗin Vitalie ce. Ki ɗaga kai ki tambayi wanda ya miƙa miki takardar nan.

Ƙaninki,
Sandu